Eriyar da za mu iya haɗa wa oba-oba da hannunmu

 Batun da muka kawo a yau na oba-oba ne. Wasu ƙauyukanmu sun yi karo-karo sun saya domin wuraren da layin waya ba ya kaiwa, amma kukan ɗaya ne: ba ta nisa. Mace tana naƙuda da tsakar dare, ana neman mota daga garin da asibiti yake, sai shuuu kawai ake ji. Mutane sukan ɗora wa batir laifi. Sau da yawa laifin na ɗan guntun eriyar da ke kanta ne.

Ƙaramar eriya tana watsa ƙarfinta kamar fitilar ƙwai, wani ya tafi sama, wani ya shiga ƙasa, a banza. Wadda muke so mu haɗa jeri ne na guntaye, wani a kan wani kamar gaɓoɓin kara. Ba ta ƙirƙiro sabon ƙarfi ba. Tana tattara wanda yake akwai ne, ta baje shi kamar faifai zuwa ko'ina a kewaye, inda mutane suke. Dabarar tsohuwa ce, wani injiniyan kamfanin Marconi a Ingila mai suna Charles Franklin ya yi mata rajista tun 1924.

Aikin duka awo ne. Tsofaffinmu za su tuna ana cewa a kama tasha a kan mita 49. Wannan tsawon zangon muryar ne. Oba-oba ta UHF nata zangon gajere ne ƙwarai. A raba 300 da lambar tashar: idan tana kan megahaz 450, zangon ya kusa santimita 67, rabinsa 33 da ɗan ɗori. To, amma cikin waya sigina yana rage gudu. A wayar da ake kira RG-58, mai farar roba mai tauri a ciki, ana ninka da 0.66, sai ya zama santimita 22. Wanda tasharsa dabam ce, ya sake lissafi tun daga farko.

Mu ja kunne a nan. Wayar dish da ta cika kasuwa ba ta dace ba. Ita om 75 ce, oba-oba kuwa 50 take so, lissafinta dabam ne, kuma saƙarta galibi ta gorar ruwa ce, dalma ba ta kama ta. A karanta rubutun da ke jikin waya kafin a biya kuɗi.

Za a yanka guntaye takwas masu santimita 22, da biyu masu santimita 11, ɗaya na ƙasa ɗaya na sama, kowanne a bar masa ɗan rara na liƙi. Wayar tana da zuciya ta jan ƙarfe, da saƙa da ta rufe ta. A kowace mahaɗa sai a juya su: zuciyar wannan ta kama saƙar wancan, saƙar wannan ta kama zuciyar wancan. Wannan juyin shi ne ke sa guntayen su haɗa baki su tura murya tare. A liƙe da dalma, a yi sauri, domin zafi yana narkar da robar ciki, zuciya ta taɓa saƙa, aiki ya lalace. Mai gyaran rediyo na ƙauye ya fi kowa iya wannan, a neme shi. A can ƙarshen guntun sama ne kaɗai ake haɗa zuciya da saƙa, a ɗora miƙaƙƙiyar wayar jan ƙarfe ta wajen santimita 16 da rabi. Ƙasa kuma, a zura zobban ferrite a wayar da za ta sauka, kada sigina ya bi bayanta. Sai a sa duka cikin bututun roba na famfo, zai ɗan wuce mita 2, a toshe sama saboda damina. Kafin a yi dogon magana da ita, a gwada da na'urar SWR. Idan allura ta wuce 2, akwai gyara, kuma nacewa yana iya ƙona oba-oba.

UHF kusan kamar ido take, abin da ya tare gani yakan tare ta. A fili, eriya mai tsayin mita 9 tana hangen wajen kilomita 12, tsayin ta ɗaya ɓangaren kuma ya ƙara nasa. Sai dai RG-58 mai tsawon mita 10 tana cinye kusan rabin ƙarfin, don haka a ajiye na'urar kusa da sandar, ko a sayi RG-213 mai kauri. Sandar ta tsaya sak. Ku mutanen kan duwatsu, idan maƙwabtanku suna can cikin kwari kusa, guntaye huɗu za su fi muku takwas, domin faifan da ya cika siranta yakan wuce ta saman kansu.

Kada a kafa sanda kusa da wayar lantarki. Hadari ya taso, a cire wayar daga na'ura a fitar da ita daga ɗaki, a kuma binne ƙarfe a gindin sandar saboda aradu. Tashoshin nan suna da masu su, har da jami'an tsaro, saboda haka kwamiti ya nemi izinin hukumar sadarwa ya san lambar da aka ba shi, kafin a sa almakashi a waya.