Aji Huɗu Zuwa Shida: Inda Yaran Gobir Suke Kuɓuce Mana

Laccar da aka gabatar gaban malaman firamare, iyayen yara da 'yan kwamitin kula da makarantu na ƙananan hukumomin Sabon Birni da Isa.

 

An nemi in yi magana a kan abin da ke gudana yau da gobe a azuzuwan sama na firamare. Galibin tarukan ilimi a ƙasar nan magana biyu suke tattaunawa: yadda za a sa yaro aji ɗaya, da yadda sakamakon jarrabawar sakandare ya fito. Aji huɗu da biyar da shida ba su da uwa a gindin murhu. Alhali a cikin shekaru ukun nan ne ake rabuwa, wani ya fito mai karatu, wani ya fito a matsayin wanda dai ya taɓa zuwa makaranta.

Abubuwa huɗu ne suke haɗuwa a kan yaro da zarar ya taka ƙofar aji huɗu.

Na farko harshe. Tsarin ilimi na ƙasa da aka daɗe ana bi ya ce a koyar da yaro da harshen yankinsa a shekaru ukun farko, daga aji huɗu a koma Turanci. A watan Nuwamba na 2022 gwamnatin tarayya ta amince a koyar da harshen uwa har aji shida. A Nuwamba na 2025 kuma aka soke wannan, aka ce Turanci za a bi. Abuja ta yi gaba ta yi baya, amma yaron Gatawa ko Turba yana nan inda yake: da Gobiranci ya tashi, da shi yake ciniki, sai ga littafin kimiyya da na zamantakewa a harshen da ba ya jinsa ko'ina sai bakin malam.

Na biyu, tallafin da aka kawo duk a aji uku ya tsaya. Ciyar da ɗalibai da gwamnatin tarayya ta soma a 2016 na 'yan aji ɗaya zuwa uku ne. Littattafan Mu Karanta! da aka raba a Sakkwato da Bauci su ma na waɗannan azuzuwan ne. Ɗan aji huɗu ba kwano, ba littafin Hausa daidai ƙarfinsa.

Na uku, shekarunsa. Yaro ɗan tara zuwa sha biyu ya isa riƙe fartanya da damina, ya isa ban ruwan albasa a fadamar Rima da rani. Yarinya ta isa ɗaukar talla da rainon ƙanne. Uba ya fara lissafi: me boko ta ƙara wa yaron nan da zan haƙura da aikinsa? Idan ya miƙa masa takardar asibiti ya kasa karantawa, lissafin ya ƙare.

Na huɗu, rashin tsaro, ba sai na faɗa muku ba, ku ne a cikinsa. Tun kafin kisan da aka yi a ƙauyukan Sabon Birni a watan Mayun 2020 jama'a suke barin gidajensu, wasu zuwa cikin gari, wasu Sakkwato, wasu ƙetaren iyaka zuwa yankin Gidan Rumji a jihar Maraɗi. Don haka ajin da aka rubuta wa "biyar" a ƙofa ya tara yaron da bai taɓa fashi ba, da wanda ya yi shekara biyu ba allo ba alli, da wanda ya dawo daga Nijar da ɗan Faransanci a baki.

To, mu leƙa ajin nan da safe. An yi shara, an yi layi, an rera taken ƙasa, an duba farce da wuyan riga. Malam ya kira rajista. Tsarin ilimi ya ce malami ɗaya ga ɗalibai 35. Ku ƙirga naku ku gani. Littafin darasi ɗaya ne, yana hannun malam, saboda haka ya juya baya ya cika allo da Turanci tun daga wannan kusurwa har waccan. Na gaba suna kwafa a kan benci, na baya a kan gwiwa. Monita yana tsaye da tsumagiya yana rubuta sunayen masu surutu. Malam ya karanta, aji ya maimaita da ƙarfi har ana ji daga bakin hanya. Ya ce, "Kun gane?" Suka ce, "Mun gane!" Aka kaɗa ƙararrawa.

Ku ɗauki littafin yarinyar da ke layi na biyu. Rubutunta tsaf, ba kuskure ko ɗaya. Ku ɗora yatsa a kan kalma guda a tsakiyar shafi ku ce ta karanta. Za ta sunkuyar da kai. Zana haruffan ta yi, ba rubutu ba. Kuma ba laifinta ba ne, ba kuma na malamin kaɗai ba: mai duba makarantu idan ya zo, littafin tsara darasi yake tambaya da yawan abin da aka kwafa, ba ya kiran yaro ya karanta masa.

Maganin wannan yana cikin zaurukanmu. Yaran nan da yawansu suna makarantar allo da asuba ko da yamma. A can ba wanda ke wanke allonsa sai ya biya wa malam shi kaɗai, an tabbatar ya iya. Kowa da inda ya tsaya, babba yana biya wa ƙarami. Wata ƙungiya a Indiya mai suna Pratham ta gina tsari a kan irin wannan hikima, na koyar da yaro daidai matakin da yake ba daidai lambar ajinsa ba, kuma an gwada shi a jihohin Arewa irin su Barno da Kabi. Abin da suka yi suna da shi, mu gadonsa muka yi.

Ga yadda za a yi shi ba tare da jiran kwangila ba. A makon farko na zango, malam ya kira yara ɗaya bayan ɗaya, minti biyu kowanne. Ya ware su gida huɗu: masu sanin baƙi kawai, masu haɗa gaɓa, masu karanta jimla, masu karanta labari su faɗi abin da ya ƙunsa. Kullum a ba wannan sa'a ɗaya da safe kafin rana ta yi zafi, kowane rukuni a inuwarsa, 'yan aji shida masu ƙoƙari suna taimaka wa na ƙasa. Wanda ya iya, a ɗaga shi gaba a ranar, ba sai ƙarshen shekara ba.

Game da harshe, kada wani ya ji na ce a bar Turanci. Da shi za a rubuta jarrabawar shiga sakandare, da shi za a nemi aiki. Amma bayani a yi shi da Hausa har yaro ya gane, sannan a ba shi kalmar Turancin ya riƙe. Abokan wasanmu Yarabawa sun riga mu gwadawa: daga 1970 Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranci koyar da yara da Yarabanci shekara shida cur a Ile-Ife, ana ba su Turanci a matsayin darasi, kuma ba su gaza takwarorinsu ba ko a Turancin. Abin kunya ne Bagobiri ya bar Bayarabe ya fi shi sanin darajar harshen gida.

Lissafi kuma yana kasuwa. Yarinyar da ta kasa rabawa a allo ita ce ke ba da canji daidai a bakin tasha ba ta taɓa cutuwa ba. A kawo tiya cikin aji. Tiya nawa ke cika buhun gero? Idan an sayi buhu kaza, aka sayar tiya-tiya a kan kaza, nawa ce riba bayan kuɗin dako? Mu da muke bakin iyaka muna da ƙarin darasi: dala ɗaya ta sefa faran biyar ce, jaka ɗaya faran 1,000. Dala nawa ke cikin jaka? A tambayo canjin naira na ranar, yara su juya. Ninkawa da rabawa sun samu ke nan.

Haka tarihi da labarin ƙasa. Kufan Alƙalawa, birnin Bawa Jan Gwarzo wanda ya faɗi a 1808 zamanin Yunfa, yana nan a ƙasarmu. Bayan yaƙin Gawakuke na 1836 Gobirawa suka kafa Tsibiri kusa da Maraɗi, daga can kuma Ɗan Halima ya ɓalle ya zauna a Sabon Birni. A sa yara su zana taswira a ƙasa da tsinke: ga Bunsuru da Gagare, ga gulbin Maraɗi, ga Rima ta nufi madatsar Goronyo. A tura kowa ya tambayi kakarsa daga ina gidansu ya taso, ya rubuto shafi ɗaya. Yaron da ya gudo daga ƙauyensu ya fi kowa bukatar wannan aikin, domin a rubuce dai garinsu bai tashi ba. Ranar Juma'a kuma a rufe mako da labari ɗaya daga Magana Jari Ce, yara ne za su karanta bi da bi, malam yana saurare.

Iyaye, naku bai fi minti biyar ba. Ko ba ka yi boko ba, ka ce ɗanka ya karanta maka abin da ya rubuta yau, ka tambaye shi ma'anarsa. Mai kwafe ba zai iya amsa ba. Iyaye mata, tallan nan a jinkirta shi zuwa bayan azahar. A ƙasar da Nana Asma'u ta tura malamai mata da ake kira jaji ƙauye-ƙauye suna karantar da mata, karatun 'ya mace ba baƙon abu ba ne.

Hukuma kuma ta tuna a Sakkwato aka ƙaddamar da shirin ilimin bai-ɗaya na UBE a watan Satumba na 1999, dokarsa ta 2004 kuma ta yi alkawarin shekara tara kyauta. Cika alkawarin a nan yana nufin tsaron da zai bar malami ya kwana a garin da aka tura shi, albashi a kan kari, da littafi a hannun ɗan aji huɗu.

Roƙona ga kowane hedimasta: kafin wannan zango ya ƙare, ka zaunar da 'yan aji shida ɗaya-ɗaya. Kowa ya karanta sakin layi na Hausa, ya rubuta wasiƙa mai layi biyar, ya warware lissafin ciniki guda. Ka rubuta adadin waɗanda suka iya, komai ƙanƙantarsa, ka karanta shi a gaban kwamitin makaranta da mai gari. Zango mai zuwa a sake, a ga ko ya ƙaru.

Allah ya ba mu zaman lafiya a Gobir, ya mayar da kowa gidansa.