Jawabin Ƙaddamar da Sababbin Shugabannin Ƙungiyar Waliyyi Vincent de Paul a Kafanchan



Yau muna ɗora wa 'yan'uwanmu nauyin jagorancin aikin sa kai, aikin da ba albashi, ba alawus. Ƙungiyar nan ta samo asali ne a birnin Paris na Faransa a 1833, lokacin da wani ɗalibi ɗan shekara 20, Frederic Ozanam, da abokansa suka riƙa bin unguwannin talakawa suna kai musu abinci da itacen wuta. Ba su jira mabuƙaci ya ƙwanƙwasa musu ƙofa ba, su suka taka har ɗakinsa. Babbar majami'ar dayosis ɗinmu, wanda aka kafa a 1995, ita ma sunan Waliyyi Peter Claver take ɗauke da shi, mutumin da ya ƙarar da ransa yana jinyar bayi a Kartahena.

Mu ma buƙatar tana bakin ƙofarmu. Hare-hare sun raba iyalai da gonakinsu a Godogodo, da Kaura, da Zangon Kataf. A 2023 cuta ta cinye cittar da manomanmu suka ci bashi suka shuka. Akwai gwauruwar da ke tafasa ruwa a tukunya don yara su yi barci da sa rai. Akwai tsohon da aka sallama daga asibiti, ya rasa kuɗin magani, kunya kuma ta hana shi roƙo.

Sababbin shugabanni, irin waɗannan ba za su zo layin rabo ba, ku za ku neme su. Ku tafi bibbiyu kamar yadda ƙungiya ta saba. Ku yi sallama, ku zauna a kan tabarmar da aka shimfiɗa muku, ku saurara kafin ku kwance ƙullin da kuka zo da shi. Ku rufa wa mutane asiri, kada hoton wanda kuka ba mudun masara ya kwana a Facebook. Kada ku tambayi addini ko ƙabila: Bajju ne, Atyap ne, Bahaushe ne ko Bafulatani, yunwarsu iri ɗaya ce. Kowace naira da aka jefa a jakar taro amana ce, a rubuta ta, a karanta wa membobi.

Ku kuma jama'ar Allah, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Idan kaka ta yi, kowane gida ya ware mudun acca ko na masara. Ma'aikatan jinya da malamai su ba da lokacinsu, matasa su shigo a yi zirga-zirgar da su.

Ubangiji ya taya ku riƙo, ya ba Kudancin Kaduna zaman lafiya mai ɗorewa.