Lambar Soja Ita Ce Mabuɗi: Jawabi ga Zuriyar Tsofaffin Sojoji a Gidan Rumji



Gidaje da yawa a ƙasar Gobir suna da kakan da aka ce "ya tafi sojan Faransa", amma da wuya a sami jikan da zai faɗi inda ya yi yaƙi. Alhali kuwa Nasara bai ɗauki mutum ba sai da ya rubuta shi. Bayan dokar 1919 an riƙa ɗibar samari aikin soja na shekara uku, kowa da lambarsa da shekarar ɗaukarsa.

Mai neman sawun kakansa ya fara daga gida: ya buɗe tsohuwar adaka, ya duba ɗan littafin soja ko takardar fansho. Lambar da ke ciki ta fi suna amfani, domin magatakarda sun karkatar da sunaye, shekarar haihuwa kuwa kintace ce. Ya tuna kuma a wancan zamani ana lissafa garuruwanmu ƙarƙashin Maradi ko Tasawa.

Da lambar a hannu, sai ya rubuta wa ma'ajiyar takardun sojoji da ke Pau, a Faransa, ya nemi takardar bayanin aiki. Ita ke nuna rundunar da mutum ya shiga, ranar da ya hau jirgin ruwa, ranar da ya sauka, raunukansa da lambobin yabonsa. A nan ake gane ko yana cikin yaƙin 1940, ko saukar Provence ta Agustan 1944, ko Indoshin, ko Aljeriya. Wanda ya mutu a fagen fama ko Jamus suka kama, fayil ɗinsa yana Caen.

Wannan ba neman tarihi kaɗai ba ne, akwai haƙƙi a ciki. Dokar Disamban 1959 ta daskarar da fanshon sojojin Afirka, na Faransawa yana ta hawa. A 2001 kotun ƙolin gudanarwa ta Faransa ta ce wariya ce, a shari'ar Amadou Diop ɗan Senegal. Daga 2011 aka daidaita, amma cikakken gyara sai ga wanda ya nema. Matar mamaci da ba ta da takarda, da me za ta nema?

Saboda haka ma'aikaci ya ara wa dangi alƙalaminsa, ɗan kasuwa ya biya kuɗin wasiƙa. A tambayi tsofaffi tun suna raye, a kwafi takardu tun gara ba ta cinye su ba.

Allah ya jiƙan magabata. Wassalam.