Cikin Tagwaye a Watannin Ƙarshe: Jawabi ga Hakimai da Malamansu a Ƙanƙara

 Maganar da na ke tafe da ita ta cikin gida ce, wadda maza ba su saba zama a kanta ba, watau maganar mace mai cikin tagwaye. Wani zai ce wannan ai sha'anin ungozoma ne da likita. Gaskiya ne, amma mace ba ta isa gaban likita sai mijinta ya yarda, an sami mota, an sami kuɗi, an kuma sami wanda zai ba da jini. Waɗannan huɗu kuwa duk a hannun maza su ke, maza kuma maganarku su ke ji.

Tagwaye ba baƙi ba ne a wurinmu, da wuya ka shiga unguwa ka rasa Hassan da Husaini. A duniya baki ɗaya a kan sami tagwaye kamar sau 12 cikin haihuwa 1,000, amma Afirka ta Yamma ta fi haka nesa, har garin Igbo-Ora na Jihar Oyo ya yi suna saboda yawansu. Kyauta ce daga Allah, sai dai kyauta ce mai nauyi. Mai cikin tagwaye ta fi mai ɗa guda shiga haɗarin hawan jini ninki biyu ko uku, ta fi ta ƙarancin jini, ta fi ta zubar da jini bayan haihuwa, sa'an nan fiye da rabin tagwaye su kan zo kafin cikar mako 37. Daga cikin wannan duka, abu biyu na ke so mu duba yau: girman 'ya'yan a ciki, da raguwar waɗansu ƙwayoyi a jinin uwa.

Girman 'ya'ya a ciki

Ɗa a ciki ba ya ci da baki. Abincinsa da iskarsa daga jinin uwa su ke fitowa, su bi ta mabiyiya, su shiga cibiya. Kowane manomi a nan ya san abin da kan faru in shuka biyu ta tashi a rami guda: da fari tafiya ɗaya su ke yi, sai sun tasa a ga ɗaya ta rinjayi 'yar'uwarta. Haka tagwaye su ke. Girmansu kan yi daidai da na ɗa guda har wajen mako 30 ko 32, daga nan sai ya fara ja baya. Saboda haka ƙanƙantar tagwaye kaɗan ba abin tsoro ba ce. Abin tsoro shi ne ɗaya ya tsaya, ko kuwa a ga ya kasa ɗan'uwansa da kashi ɗaya cikin huɗu na nauyi. A ce babban kilo 2 ne, ƙaramin kuwa kilo 1 da rabi. To, wannan alama ce mabiyiya ba ta isar da ƙaramin, in an yi sakaci ya na iya mutuwa a ciki.

Tagwaye iri biyu ne. Akwai masu mabiyiya kowa da tasa, akwai kuma masu tarayya a mabiyiya guda. Na biyun sun fi haɗari, domin jijiyoyin jininsu a haɗe su ke, jinin ɗaya kan tsiyaye zuwa ɗaya, wannan ya rame, wancan ya cika har zuciyarsa ta gaji. Hannun ungozoma, kome gwanintarta, ba ya rarrabe wannan, girman ciki kuma ba ya nuna shi, don ɗaya kan ɓoye ramar ɗaya. Hoton ciki kaɗai ke nunawa, ya fi kuma nunawa sarai in an yi shi tun cikin wata uku na fari. Ƙa'idar likitoci ita ce masu mabiyiya biyu a duba su da hoto duk mako huɗu a rabin ciki na ƙarshe, masu mabiyiya guda kuwa duk mako biyu tun daga mako 16. Na san wannan da nauyi ga matar da ke Yankara ko Damari ko 'Yargoje. To, ko ba a cika ƙa'idar duka ba, kada a rasa hoton fari, da na wata na bakwai, da na wata na takwas.

Har wa yau, ba a barin cikin tagwaye ya kai mako 40 kamar sauran. In lafiya lau a ke, likitoci kan so a sauke masu mabiyiya biyu a mako 37, watau wata takwas da rabi, masu mabiyiya guda kuwa a mako 36, domin bayan haka mabiyiya kan fara gajiya. Idan likita ya sa rana, ku taimaka a fahimtar da dangi cewa ba gaggawa ya yi ba.

Ƙwayoyin tsayar da jini

A cikin jini akwai waɗansu ƙananan ƙwayoyi da likitoci ke kira filatilet. A ɓargo a ke yin su, su kan yi kwana bakwai zuwa goma su mutu, waɗansu su maye gurbinsu. Aikinsu kamar na masu yaɓe ne: da zarar jijiya ta tsage sai su taru su toshe wurin, jini ya tsaya. Mai lafiya ya na da 150,000 zuwa 450,000 a cikin ɗigon jini ɗan mitsitsi kamar kan allura.

Mata da dama ƙwayoyin nan kan ɗan ragu musu a ƙarshen ciki, musamman masu tagwaye, domin jininsu ya ƙaru ya tsinke. Wannan ba cuta ba ce, ya kan koma daidai bayan haihuwa. Zazzaɓin cizon sauro ma ya na rage su, shi kuwa maganinsa sananne ne. Amma akwai raguwa ta uku, ita ce mai kisa, ita ce kuma ke tafiya tare da tsayawar girman 'ya'ya, domin tushensu guda ne.

Ga yadda abin ya ke. In mabiyiya ba ta kafu da kyau ba, sai ta kasa ciyar da ɗa, ta kuma riƙa sakin waɗansu abubuwa cikin jinin uwa masu ɓata jijiyoyinta ko'ina. Jini ya hau, ƙoda ta fara yoyon furotin cikin fitsari. Masu yaɓen nan su yi ta toshe tsaga a ko'ina har su ƙare, hanta ta ji ciwo, jajayen ƙwayoyin jini su farfashe. Wani likita a Amurka, Louis Weinstein, shi ya sa wa wannan hali suna HELLP a 1982. In ƙwayoyin sun sauka ƙasa da 100,000 ga kuma hawan jini, lalle an shiga haɗari. Ƙarshensa jijjiga, ko ɓallewar mabiyiya, ko zubar jini da ba ya tsayawa. Ku tuna mahaifar da ta ɗauki 'ya'ya biyu ta miƙe ƙwarai, ba ta saurin tsukewa bayan haihuwa. In ga wannan ga kuma rashin masu toshewa, jini kan ƙare wa mace cikin ɗan lokaci.

Awon jini a hannu ya kan nuna 140 bisa 90 ko fiye tun mace ba ta ji kome ba, in ya kai 160 bisa 110 kuwa ba a kwana. Alamun da mutanen gida za su iya gani su ne: ciwon kai mai tsanani wanda ba ya jin magani, gani dishi-dishi ko walƙiya a ido, ciwo a ƙahon zuciya ko ƙarƙashin haƙarƙarin dama, da amai, kumburin fuska da hannuwa, haɓo, ko jini a dasashi, ko tabo a fata ba tare da bugu ba, ƙarancin fitsari, da raguwar motsin 'ya'ya. Ciwon ƙahon zuciyan nan shi ya fi yaudara, don a kan ce olsa ce, a aika yaro kemis, a ɓata kwana biyu. Magungunan ciwon jiki irin su diklofenak da ibuprofen kuwa ƙara ɓarna su ke yi.

Akwai magani

Kada ku ɗauka labarin mutuwa na kawo muku. Daga 1976 zuwa 1979 Farfesa Kelsey Harrison da abokan aikinsa sun bi diddigin haihuwa 22,774 a asibitin koyarwa na Zariya, su ka tarar mace-mace sun taru ne a kan matan da ba su yi awo ba, waɗanda a ka kawo bayan abu ya ɓaci. A 2002 wani babban gwaji mai suna Magpie, a kan mata kimanin 10,000 a ƙasashe 33, ya tabbatar allurar magnesiyam salfet ta na rage jijjiga da fiye da rabi. Da a ka shigar da ita asibitoci goma na Jihar Kano a 2008, mutuwar masu wannan cuta ta sauko daga wajen ɗaya cikin biyar zuwa wajen biyu cikin ɗari. Allura ce mai araha.

Amma allura tsare mace ta ke yi, warkewa sai an raba ta da mabiyiya, watau sai an haihu. In ciki bai kai mako 34 ba, a kan yi wa uwa allurar da ke nunar da huhun 'ya'ya in hali ya ba da dama. Wani lokaci tiyata ce mafita, kafin ta kuwa dole a san adadin ƙwayoyin nan, a kuma tanadi jini. Wannan aikin babban asibiti ne, irin na Ƙanƙara ko Funtuwa ko Malumfashi, in ya gagara a wuce Katsina ko Shika. Ku sani kuma cutar kan iya tasowa bayan an sauka, musamman kwana biyun fari, don haka kada a matsa a sallami mai jego.

Abin da a ke roƙo gare ku

Na fari, awon ciki. Tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mai ciki ta ga ma'aikacin lafiya sau takwas aƙalla, mai tagwaye kuwa ta fi haka bukata. A can a ke auna jini da fitsari, a ba da maganin ƙarin jini da na rigakafin zazzaɓi, wata kuma a ɗora ta a kan asfirin ƙarami tun daga mako 12, bisa umurnin likita kaɗai. Ku sa masu unguwa da limamai su faɗa wa magidanta.

Na biyu, izini. Magidanci da zai tafi cin-rani ko kasuwa mai nisa, ya bar izini a gaban shaidu cewa in alama ta bayyana a tafi da matarsa asibiti ba sai an jira shi ba.

Na uku, matsowa kusa. Ba sai na gaya muku halin da 'yan bindiga su ka jefa hanyoyin ƙasar nan ba, kun kuma tuna yadda a ka rufe layukan waya a nan cikin Satumba 2021. Wanda ya dogara ga waya da tafiyar dare ya dogara ga abin da ba shi da tabbas. Ba a fafe gora ranar tafiya. Mai cikin tagwaye daga ƙauye mai nisa, tun farkon wata na takwas ta koma gidan dangi kusa da asibiti; wadda ba ta da kowa, hakimi ya sama mata masauki. Kada a yarda a karɓi haihuwar tagwaye a gida, domin sau da yawa na biyun kan zo a gicciye.

Na huɗu, naku ne malamai. Ku buɗe littafi: sunan ƙauye, da gidan da ke da cikin tagwaye bisa yardar masu gidan, da watan da a ke sa ran sauka, da direba biyu da su ka yi alkawari, da dangi uku masu lafiya da za su ba da jini. Ku riƙe shi amana, ba na karantawa a dandali ba ne. Ku daidaita da shugabannin direbobi a tasha tun da wuri, a kuma yi ɗan asusu na unguwa domin kuɗin mai.

Na biyar, in jijjiga ta riga ta zo. Ba iska ba ce. A kwantar da ita ta gefen hagu, kada a cusa cokali a baki, kada a ɗura mata ruwa ko jiƙo, kada a turara hayaƙi. A yi addu'a a na cikin mota. Bayan an sauka kuma, a rage kunun kanwa da gashin gado, domin likitocin Zariya sun nuna tun shekarun 1970 cewa su na da hannu a ciwon zuciyar masu jego, mai tagwaye kuwa ta fi kowa kusa da shi. Jariri da bai kai kilo 2 da rabi ba a riƙa ɗora shi a ƙirjin uwa, fata da fata, a ba shi nono akai-akai.

Ranku ya daɗe, a kan kirga wa hakimi kasuwa da rijiya da makaranta. Ina fata a nan gaba a ƙara kirga masa yawan iyayen da su ka ga sunan tagwayensu da idonsu. Allah ya sauki matanmu lafiya, ya raya abin da su ka haifa, ya zaunar da ƙasarmu lafiya.