Suna Linzami: Jawabi a Kan Waƙoƙi Masu Suna Ɗaya



Hausawa na cewa suna linzami ne. Amma a fagen waƙa, sau da yawa linzami ɗaya ake sa wa dawaki da dama. Abin da nake so mu duba ke nan a yau.

Mu fara da Bakandamiya. Ibrahim Narambaɗa, makaɗin kotso na fadar Sarkin Gobir na Isa, yana da waƙa mai wannan suna. Alhaji Mamman Shata, mutumin Musawa, makaɗin kalangu, wanda ya rasu a 1999, shi ma yana da tasa. Na farko mawaƙin fada ne, na biyu mawaƙin jama'a, ga sarki ga direba duk yana yi musu. Kiɗansu ba ɗaya ba, amshinsu ba ɗaya ba. Abin da ya haɗa waƙoƙin biyu shi ne kowane ya koɗa kansa a ciki, ya nuna iyakar gwanintarsa. Ashe bakandamiya matsayi ne: waƙar da ta fi sauran waƙoƙin mai ita. Shi ya sa ake jin masu sha'awar dambe suna cewa waƙar Shago ita ce bakandamiyar Ɗan Anace.

Hanya ta biyu ita ce sarauta. Mu ɗauki ƙasarmu ta yammacin Katsina. Hakimin Batsari shi ne Sarkin Ruma, na Safana kuwa Yariman Katsina. Sarauta tana daɗewa, masu riƙe ta suna shuɗewa. In aka ce maka ga "waƙar Sarkin Ruma", sai ka tambaya: wane Sarkin Ruma, kuma wa ya yi ta? Wadda aka yi wa kaka da wadda aka yi wa jika duk sunansu ke nan. Haka "waƙar noma" take: kowace gayya da tata.

Dalili kuwa shi ne, makaɗin baka bai cika raɗa wa waƙarsa suna ba. Masu sauraro ke raɗawa, ko daga amshi, ko daga sunan wanda aka yi wa, sannan ma'aikatan rediyo da masu sayar da kaset su rubuta abin da suka ji ana faɗa. Turawa ma ba su tsira ba: tsakanin 1984 da 1985 waƙoƙi uku dabam-dabam masu suna "The Power of Love" sun yi tashe a Ingila. Sai dai su, kowane faifai yana ɗauke da sunan mawaƙi da shekara.

Nan ne gizo ke saƙa. Yau waƙoƙinmu suna yawo daga waya zuwa waya, da suna tsirara. In biyu suka yi karo a suna, ta shahararren mawaƙi sai ta danne ta makaɗin ƙauye, har a manta an taɓa yin ta. Kama da wane kuwa ba wane ba ne.

Saboda haka ina roƙonku, in kun koma gida hutu, ku zauna da dattawa. Duk waƙar da kuka ɗauka, ku rubuta sunan mawaƙi, da garinsa, da abin kiɗansa, da wanda aka yi wa, da sarkin da ke kan gado a lokacin.