Koyon Sana'a a Dutsin-Ma da Kurfi: Tsakanin Aji da Rumfa

Tun kafin zuwan boko, ɗan maƙeri a ƙasar Kurfi ko Dutsin-Ma a gaban mahaifinsa yake koyon ƙira, ya fara da zuga, kafin a ba shi masaba. Tsarin ilmi na 6-3-3-4, wanda aka soma a 1982, ya yi nufin mayar da koyon sana'a cikin aji. Aka sayo injuna daga Turai, amma da yawa suka tsufa cikin akwatunansu, domin babu lantarki, babu malamai. A 1987 hukumar samar da aikin yi, wato NDE, ta koma tura matasa rumfunan masu sana'a. Duk da haka, bakaniken da ya yaye yara ashirin, idan ya nemi aikin gwamnati, takardar makaranta ake fara tambayarsa.