Wa ke riƙe da mudun awon sukari cikin jikinmu?

Jawabi ga ɗaliban makarantun yaƙi da jahilci

 

Yau za mu yi magana bisa wani aiki da ake yi cikin jikinmu dare da rana, ba mu gani, ba mu ji. Aikin nan shi ne awon sukari. Wanda ya gane shi zai gane ciwon sukari. Zai kuma san abin da ya sa wani maganin ciwon yake da haɗari in an sha shi da yunwa.

Sukari cikin jini

Tuwon hatsi, fura, shinkafa, rogo da burodi, in sun isa hanji sai su narke su koma sukari, ko da ba su da zaƙi a baki. Daga hanji sukarin ya shiga jini. Shi ne itacen wutar jiki. Da shi muke noma, da shi muke daka, da shi muke tunani.

Babban mutum yana da jini wajen litir 5. In ya kwana bai ci komi ba, cikin kowane litir akwai sukari wajen garam 1. Ke nan duk sukarin da ke cikin jininsa kamar ƙwaya ɗaya ce ta sukarin shayi. In ya ragu ƙwarai, mutum ya suma. In ya yi yawa shekara da shekaru, sai ya ɓata ido, da ƙoda, da jijiyoyin ƙafa. To, wa ke riƙe da mudun?

Mai awo

Bayan tumbi akwai wani nama mai tsawo, bai kai taƙi ɗaya ba. Likitoci suna ce masa pankireyas. Kada ku haɗa shi da saifa, ita dabam take. A shekarar 1869 wani ɗalibin likita a Jamus, Paul Langerhans, ya duba naman nan da madubin likita. Ya ga wasu ƴan dunƙule a warwatse, kamar tsibirai cikin gulbi. Mutum ɗaya yana da su wajen miliyan 1. Cikinsu akwai ƙananan ƙwayoyi masu rai da ake kira beta. Su ke yin insulin, su ƙulle shi cikin ƴan mitsitsin jakunkuna, su aje.

Insulin kamar sanƙira yake. In ya fita, sai ya bi jini yana shela: hanta, ki tara sukari, tsoka da kitse, ku buɗe ƙofa ku karɓa. Hanta ita ce rumbun jiki. Da an yi haka sai sukarin jini ya sauka.

Amma sanƙira ba ya fita sai an aike shi. Ga yadda saƙon yake isa.

Ƙofa biyu

Ku ɗauki ƙwayar beta kamar gida mai ƙofa biyu. Ta farko a buɗe take. Ta nan wani gishiri mai suna potasiyom yake fita, irin wanda ke cikin ruwan toka. Ta biyu a rufe take. A bakinta kalsiyom yake jira, wato abin da ke ƙarfafa ƙashi.

1. Ka ci abinci. Sukari ya yi yawa cikin jini, ya shiga cikin ƙwayar.

2. Ƙwayar ta ƙone sukarin, ta samu ƙarfi. Yawan sukari, yawan ƙarfi. Nan ne ake awon.

3. Ƙarfin nan ya tura ƙofar farko ta rufe. Potasiyom ya rasa hanyar fita, ya taru ciki kamar ruwa bayan madatsa.

4. Kowace ƙwaya tana da ɗan lantarki a jikinta, kamar pil na rediyo. Da potasiyom ya taru sai lantarkin ya sake. Wannan ya buɗe ƙofa ta biyu, kalsiyom ya kutsa ciki.

5. Kalsiyom ya ba da umurni. Jakunkunan nan su matso bakin ƙwayar, su buɗe, su zuba insulin cikin jini.

Duk wannan cikin ƴan mintoci ake yinsa. Da sukari ya sauka, ƙarfin ya ragu, ƙofar farko ta sake buɗewa, ta biyu ta rufe, insulin ya lafa. A shekarar 1984 wata masaniya a Ingila, Frances Ashcroft, ita da abokan aikinta, suka nuna cewa sukari ne ke sa ƙofar farko ta rufe.

Wasu ƴan aike

Sukari shi ne babban ɗan aike, amma akwai wasu. In ka ga tuwo ko ka ji ƙanshin miya, ƙwaƙwalwa tana aika saƙo ta jijiya, pankireyas ya soma shiri. In abinci ya isa hanji, hanji ma yana aika nasa saƙon ta jini, yana cewa a ƙara insulin. In kuwa tsoro ya kama mutum, ko yana gudu, sai wani saƙo ya zo ya ce a dakata, a bar sukari cikin jini don ana bukatarsa.

Lokacin yunwa ko azumi, maƙwabtan beta, waɗanda ake kira alfa, su ke aiki. Suna aika wa hanta cewa ta buɗe rumbu ta fito da abin da ta aje.

In aikin ya ɓaci

Ciwon sukari iri biyu ne manya. A iri na farko, jiki da kansa yake kashe ƙwayoyin beta. Ya fi kama yara da matasa. Maganinsa allurar insulin ce kullum. Dā ciwon nan kisa yake yi. A shekarar 1921, a birnin Toronto na ƙasar Kanada, Frederick Banting da Charles Best suka fid da insulin daga pankireyas na kare. A 1922 aka soma yi wa masu ciwon allurarsa, suka rayu.

Iri na biyu shi ya fi yawa, ya fi kama manya. Sanƙira yana shela, amma tsoka da hanta sun yi nauyin kunne. Ƙwayoyin beta su yi ta ƙara aiki har su gaji. Gado, ƙiba da rashin motsa jiki suna jawo shi.

Akwai ƙwayar magani da ake ba masu iri na biyu, kamar gilibenkilamid. Ita da kanta take rufe ƙofar farko, ba ta jiran sukari. Saboda haka insulin yana fita ko an ci abinci ko ba a ci ba. Wanda ya sha ta ya tafi gona da yunwa, sukarinsa yana iya faɗuwa. Zai ji zufa, da makyarkyata, da jiri. In yana cikin hankalinsa, a ba shi ƙwaya 3 ta sukari nan da nan, sannan ya ci abinci. In ya suma, kada a ɗura masa komi a baki. A kai shi asibiti da gaggawa.

Abin da za mu riƙe

In kana yawan jin ƙishirwa, kana yawan fitsari da dare, kana ramewa ba dalili, ko gyambo ya ƙi warkewa, ko ka ga kiyashi sun taru inda ka yi fitsari, ka tafi gidan likita. Ɗigon jini ɗaya daga yatsa ya isa a auna. In an auna sau biyu da safe kafin karin kumallo, aka samu garam 1,26 ko fiye cikin litir, to ciwon sukari ne.

Mu rage sukari cikin shayi, da koko, da fura. Mu rage lemun kwalba. Mu yawaita wake, zogale, da ganyen miya. Wanda ba ya aikin ƙarfi ya riƙa tafiya da ƙafa. Kada mu sayi maganin sukari a hannun ƴan talla, kada kuma mu sha na maƙwabci. Mai ciwon ya ga likita tun kafin watan azumi ya kama, don a gyara masa lokacin shan magani.

Ku da kuka iya karatu, ku karanta wa na gida wannan jawabi. Lafiya uwar jiki. Allah ya ba mu ita, ya ba mu damana mai albarka.